Lambar Waya a Hannun Auta

 Wannan karon mu aka ɗora wa rubutun mako, kuma da fatan za a yi mana uzuri in an ga kuskure.

A zaman ƙungiya da muka yi kwanan baya, bayan an gama karatun gajerun labarai, wani ɗan uwa ya miƙo wayarsa ya nuna mana bidiyon wani wurin wasa a Amurka. Mutane na isowa bakin ƙofa, kowa ya kara wani awarwaron roba da ke hannunsa a jikin na'ura, fitila ta kawo kore, ya wuce abinsa. Da shi suke sayen abinci, da shi suke buɗe ɗakinsu a otal. Nan take musu ya kaure. Wasu suka ce almubazzaranci ne kawai, tunda wayar da ke aljihun kowa tana yin wannan aikin, katin ATM ma yana yi. Wasu suka ce ai ci gaba ke nan, mu ne aka bari a baya. Mu dai ba mu tofa ba a ranar, domin abin ya tuno mana da wani yini da har yau in ya faɗo mana a rai sai gabanmu ya faɗi. Labarin wannan yini muke so mu bayar, sannan mu faɗi inda muka tsaya a musun.

Mu 'yan Tukur-Tukur ne a Zariya, unguwar da kamfanin Gaskiya yake, wanda aka kafa a 1945. Duk Sallah, yaran layinmu sukan tafi kallon hawan Sarkin Zazzau, in an gama hawa sai su juyo kanmu da rigimar a kai su yawo. Mu uku ne muka saba ɗaukar wannan nauyi: mai wannan rubutu, da wani abokinmu da muka yi difloma tare a kwalejin Nuhu Bamalli, da wata ƙanwarmu. A Ƙaramar Sallar 2023, wadda ta faɗo a watan Afrilu, muka yi wa yaran alkawarin wani wurin wasa a Kaduna mai lilo da jirgin ƙasa na yara da motocin karo.

Kowa ya san irin shekarar da aka shiga. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Zuwa Fabrairu kuɗi ya ɓace a hannun mutane, ana kwana a layin ATM, mai POS yana yanka abin da ya ga dama. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu har ƙarshen shekara, to amma kafin nan mai kayan miya da mai shayi duk sun koyi karɓar taransifa. Saboda haka da muka ce wa iyaye kowane yaro naira 5,000, babu wanda ya kawo tsaba. Yara goma sha ɗaya, naira 55,000, duka suka shiga asusu ɗaya, a waya ɗaya, a aljihu ɗaya. A lokacin har daɗi muka ji, muna cewa mun huta da tsoron 'yan sane.

Ranar uku ga Sallah muka ɗauki shatar bas. Muka tura wa direba naira 18,000 tun a Zariya, alat ya shiga kafin ya tayar da mota. Iyaye mata suka cika mana kuloli da shinkafa da miya, ga cincin a leda. Abin da ba mu kula da shi ba shi ne daren jiya ba a kawo wuta ba, wayar da ke ɗauke da kuɗin ta fito gida da rabin caji, yara kuma suka ƙarasa cinye shi da ɗaukar hoto a hanya.

Mun isa wajen ƙarfe sha ɗaya, muka tarar da jama'a kamar an yi shela. A bakin ƙofa ana sayar da awarwaron takarda iri biyu, irin wanda ake manna wa mutum a hannu, ba ya cirewa sai an yaga. Kore naira 1,000, na shiga ne kawai, kowane wasa sai ka biya daban a ciki. Ja naira 3,000, mai shi ya hau duk abin da yake so har a tashi. Lissafinmu tun daga gida shi ne ja ga yara, kore ga manya, naira 36,000 cif.

Muka miƙa kati. Na'ura ta yi ta juyi, ta ƙi. Aka sake sakawa, ta sake ƙi. Mai karɓar kuɗi ya ce, "Malam, yau sabis ya cushe, ka yi taransifa." Muka yi. Wayarmu ta nuna an cire naira 36,000, wayarsa ba ta nuna komai ba. Ya ce mu koma gefe mu jira, kuma ba mu ga laifinsa ba, domin shi ma yaron gida ne, in ya bar mu muka shiga kuɗi bai zo ba, albashinsa za a taɓa.

Mun fi sa'a guda a gefen nan cikin ranar Afrilu. Yara sun yi ado da sababbin shaddoji da leshi, gumi ya jiƙa su, suna leƙen lilo ta cikin waya. Duk bayan minti biyu sai mu koma mu tambaya ko ya shigo, duk bayan minti biyu caji na raguwa. Da ya kai kashi takwas cikin ɗari muka haƙura. Muka zazzage aljihunanmu mu uku, naira 4,500 ta fito. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, muka tara yaran muka gaya musu gaskiya.

Babbar cikinsu, 'yar shekara goma sha biyu, ita ta fara kwance bakin gyalenta. Ta ce, "Kawu, ga barka da Sallata, amma bashi ne fa." Sauran suka bi sahu. Wannan ya zaro daga safa, wancan daga cikin hula, 'yan ɗari bibbiyu da hamsin-hamsin da suka tara a yawon Sallah gida-gida. Muka ƙirga naira 11,000. Sai da muka haɗa da kuɗin yara sannan muka saya wa kowa kore. Ba mu taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba.

Wata mata ce ke manna awarwaron. Da ta zo kan Auta, ɗan yayarmu mai shekara huɗu, sai ta ɗauki biro ta ce, "Malam, ba ni lambarka in rubuta a jiki, yau cunkoso ya yi yawa." Muka fara karanto lambarmu, ƙanwarmu ta katse mu. Ta ce, "Yaya, taka ta kusa mutuwa, a sa tawa." Tata ƙaramar waya ce mai tocila, irin wadda ke kwana uku ba caji, wadda muke yi mata tsiya a kanta kullum. Matar ta rubuta lambar a hannun ƙananan guda huɗu.

Bayan azahar abokinmu ya fita ya samo wani mai POS da na'urarsa ke aiki, ya ciro naira 10,000 daga nasa asusun, kowane yaro ya samu ya hau abu biyu zuwa uku. Wayarmu kuwa ta riga ta mutu. Ana gab da la'asar muka tara su za a ci abinci, muka ƙirga, goma. Muka sake ƙirgawa, goma. Babu Auta.

Duk wanda yaro ya taɓa ɓace masa a taro ya san abin da muke nufi. Ƙafa ta yi sanyi, kunne ya toshe, kowane yaro mai farar shadda sai ka ga kamar shi ne. Muka raba kanmu, ɗaya ya nufi ƙofa, ɗaya wajen lilo, ƙanwarmu ta tsaya da sauran tana salati. Abin da ke yawo a kanmu shi ne da wane baki za mu koma Tukur-Tukur mu dubi uwarsa. Wajen minti ashirin da biyar aka ɗauka, sannan ƙaramar wayar nan ta yi ƙara. Wata baiwar Allah ce, ta ce ga wani yaro nan wajen masu sayar da balan-balan yana kuka, ta tambaye shi sunan babansa ya ce Baba, ta tambaye shi unguwarsu ya ce gida, sai ta ga lamba a hannunsa. Da muka isa yana shan zoɓon da ta saya masa. Ba mu san sunanta ba har yau, Allah Ya saka mata da alheri.

Tun daga ranar muka shiga bin diddigin wannan abu na hannu, kuma ga abin da muka fahimta.

Awarwaron da ke cikin bidiyon nan sunansa MagicBand. Kamfanin Disney ya fito da shi a 2013 a wurin wasansa na Walt Disney World da ke jihar Florida. A cikinsa akwai ɗan ƙwayar na'ura da ke magana da injin ƙofa in an kara su, akwai kuma wani ɓangare mai batir da ake iya jiyo shi daga nesa, wanda da shi ne hoton da aka ɗauke ka a kan lilo yake zuwa asusunka ba tare da ka nema ba. In za ka sayi abu sai ka kara, ka danna lambar sirri. An ruwaito cewa tsarin gaba ɗaya ya ci kimanin dala biliyan ɗaya. Abin da zai yi wa masu goyon bayan waya daɗi shi ne, a 2021 kamfanin ya daina raba shi kyauta ga masu sauka a otal ɗinsa, ya fito da MagicMobile, wato tikitin da ke cikin waya. To amma bai jefar da awarwaron ba, a 2022 ya sake fito da sabo mai suna MagicBand+, wanda ake yi wa caji. Har yanzu mutum na iya shiga da kati, ko waya, ko abin hannu. Su da suke da wuta da intanet ba yankewa, ba su yarda su bar ƙofa ɗaya tal ba.

Akwai misalin da ya fi kusa da mu. Bayan turmutsitsin Mina na Satumba 2015, wanda 'yan Nijeriya da dama suka rasu a ciki, har da fitacciyar 'yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf, an sha wahala wajen gane mutane. A Hajjin 2016 hukumomin Saudiyya suka fito da awarwaron da ke ɗauke da bayanan alhaji da na lafiyarsa. Tsohuwar da ta fito daga ƙauye, ba ta jin Larabci, ba ta riƙe sunan masaukinta ba, abin da ke hannunta ne zai yi magana a madadinta. Aikin da biro ya yi wa Auta ke nan.

Dalilin da ya sa kati da waya suka ba mu kunya kuwa, ɗan abin da muka karanta a makaranta ya taimaka mana gane shi. In ka yi taransifa, saƙo zai tashi daga wayarka zuwa bankinka, daga nan ya bi ta NIBSS, cibiyar da ke haɗa bankunan ƙasar nan, ya isa bankin wanda ka tura wa, sannan alat ya taso zuwa wayarsa. Ko'ina a wannan hanya ana iya samun tsaiko, balle ranar Sallah da dubban mutane suka taru a fili ɗaya suna jan sabis daga turke ɗaya. Shi kuwa abin hannu, in an tsara shi da kyau, sau ɗaya ake biya, sauran hulɗar duk tsakaninsa ne da injinan cikin gida. Na takarda ma ko inji ba ya bukata, ido ya isa. Da a ce ana sayar da shi tun kafin ranar Sallah, da mun saya hankali kwance, da ba mu tsaya a rana ba.

Sannan ga batun wane ne aka yi wa abin. Waya da kati na baligi ne mai asusun banki da lambar BVN. Wurin wasa kuwa na yara ne. Mu mutum goma sha huɗu muka je, mabuɗin dukanmu yana aljihun mutum ɗaya. Da wayar ta mutu, ko da an sace ta, duka mun tsaya. Awarwaro kowa da nasa, ba ya faɗuwa daga aljihu in lilo ya juya, ba ruwansa da caji, kuma ba ya bukatar yaro ya iya karatu.

Kada a ɗauka mun zama 'yan tallan awarwaro. Mun ga aibinsa da idonmu a wannan rana. Muna tsaye a layin motocin karo, wani daga cikin yaranmu ya ja mana riga ya ce, "Kawu, me ya sa nasu ja ne, su ba sa biya?" Masu ja suna sauka su sake hawa, namu suna ƙirga sauran turn ɗin da ya rage musu da yatsa. Kuɗin aljihu a ɓoye yake, babu wanda ya san nawa ka zo da shi. Launin hannu kuwa kowa na gani daga nesa, kuma yara sun fi kowa saurin karanta shi. Ba mu sami amsar da za mu ba yaron ba, sai cewa muka yi baɗi in Allah Ya kai mu.

Aibi na biyu ya shafi irin wanda ake zuba wa kuɗi. Yarinyar da ta ba mu bashi ta san adadin kuɗinta har naira hamsin ta ƙarshe, domin da hannunta ta ƙirga, ta ƙulle, ta kwance. Yaron da zai riƙa kara hannu a inji ba zai ji fitar komai ba, babba ma haka. Masu wuraren wasa sun san da wannan, yana cikin abin da ya sa suke son tsarin. Kuma in an tashi da saura a ciki, sai ka bi layi neman a mayar maka, in ma ana mayarwa.

Na uku, abin da ke iya nemo yaro in ya ɓace shi ne kuma ke iya rubuta duk inda ya taka da duk abin da ya ci. Tun a Janairun 2013, kafin MagicBand ya bazu, wani ɗan majalisar Amurka mai suna Ed Markey ya rubuta wa shugaban Disney, Bob Iger, wasiƙa yana tambayar me za a yi da bayanan yara. In har a can sun yi wannan tambaya, mu ma ya kamata mu yi ta ranar da irin wannan na'ura ta iso Kano ko Kaduna. Lambar da aka rubuta da biro ma, duk wanda ya tsaya kusa da yaron zai iya kwafe ta. Mun yarda da wannan kasadar ne saboda ɓatan yaro ya fi ta muni.

To ga inda muka tsaya. A bakin ƙofa da kuma a hannun yaro, awarwaro ya fi waya da kati dacewa da irin garuruwanmu, matuƙar aikinsa bai rataya a kan sabis ba. Wajen biyan kuɗi, duk mai wurin wasan da ya rufe tagar tsaba ya ce sai kati ko taransifa, ya shirya barin yara a rana. Kuma in da za a ji shawararmu, a daina bambanta yara da launi, a bar bambancin a cikin tikiti ko inji inda ido ba ya gani.

Kuɗin nan naira 36,000 sai da suka kwana tara kafin su dawo asusunmu. A cikin kwanakin nan mun bi gida-gida muna nuna wa iyaye shaidar cirewa a waya. Yawancinsu sun ce ba komai, amma wani dattijo ya dube mu ya ce, "Yaro, amana ba a ajiye ta inda ba ka iya ɗauko ta." Ba mu ce uffan ba. Ranar da kuɗin suka dawo muka je wajen mai POS muka ciro, muka nemi canji, muka biya kowane yaro bashinsa a hannu, muka mayar wa iyaye ragowar. Mai gyalen nan sai da ta ƙirga nata sau biyu a gabanmu.

Ba mu fasa kai su yawo ba, amma mun sauya tsari. Yanzu kashi uku muke raba kuɗin, ɗaya tsaba, biyu a asusun mutum biyu a bankuna daban-daban. Ƙaramar waya mai tocila ita ce ta farko a jaka, kuma mun daina yi mata tsiya. Kafin mota ta tashi daga Tukur-Tukur, ƙanwarmu takan yanka filasta ta manna wa kowane ƙaramin yaro a hannu ta rubuta lamba, ko gidan zoo na Kano za mu, ko kallon hawa a nan cikin gari.

Magana ta ƙarshe gare mu marubuta. A yawancin labaran da muke rubutawa, in jarumi ya kai iyalinsa wurin shaƙatawa a Dubai ko Abuja, sai ya zaro kati, kuma katin ba ya taɓa ƙin aiki. Mu ma mun rubuta irin wannan. Amma mai karatunmu ya san tsayuwa a gefe ana jiran alat, ya san kallon da mai shago ke yi masa a wannan lokaci, ya san yadda ake rage hasken waya don caji ya kai. Wannan ilimi yana hannunmu kyauta, kuma da wuya mu gan shi a shafi. Wanda duk ya taɓa shiga irin wannan hali, da yara ko ba da yara ba, muna so mu ji yadda ya fita, wataƙila akwai dabarar da ta fi filasta da biro.

Auta yanzu ya shiga firamare, ya haddace lambar mahaifiyarsa, kuma yana karanto ta ko ba a tambaye shi ba. Allah Ya raya mana su, Ya tsare mana amanar da aka ba mu. Sai mun ji gyararrakinku.